Tayar Zubair Marar Zane

Zubair da Misbahu 'ya'yan wa da ƙane ne, duk acaɓa suke yi a Kurfi, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Abin faɗan kuwa inuwar dalbejiyar bakin kasuwa ce, inda fasinja ke fara tsayawa. Da abokan sana'a suka gaji da rabon faɗa, sai suka yanke cewa bayan Sallah a yi tsere kan kwalta daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Wanda aka bari a baya, ya bar inuwar ke nan.

To, sai Zubair ya ci karo da wata taya wurin ɗan gwanjo. Sumul take, ba zane ko ɗaya, in ka danna farce sai ya nutse. Ɗan gwanjon ya ce ta 'yan tseren babur ce na ƙasashen waje, tana kama kwalta kamar danƙo, sai dai ba ta daɗewa. Can ma zagaye kaɗan suke yi su cire ta. Zubair ya ba da tsohuwar tayarsa aka yi musaya, da niyyar ya jingine babur sai ranar tsere.

Amma ina, sai da ya bi ta bakin kasuwa a gani.

"Kai, wa ya yi wa babur ɗinka aski?" in ji Misbahu. "Suna za a yi mishi?"

"Za ka ga askin da kyau, daga bayana."

Ya tsaya ya zayyana wa jama'a halin tayar kaf, har da rashin daɗewar. Bakin nan nasa shi ya ja mishi.

Washegari da hantsi sai ga Malam Garba, mahaifin Misbahu, a ƙofar gida da sandarsa.

"Zubairu, kai ni Barkiya in dubo shanuna."

Kun dai san mu. Ƙanen uba ya ce a kai shi, wane ɗa ne zai buɗe baki ya ce taya? Zubair ya haɗiye, ya ce, "To, Baffa." Hanyar daji, tsakuwa da kututturen dawa, tayar na sulɓi a rairayi, tsoho na zaune daram. Gobe aka ce Dabawa gaisuwar mutuwa. Jibi Barkiya kuma, a ɗauko buhun gero. Kullum da yamma Zubair zai duƙa ya shafa tayar, robar na murmushewa a hannunsa kamar ƙanzo, ransa na tafasa.

Ranar tsere har zaren tayar ya fito. Zubair bai ja da baya ba. Ya murɗa, ya wuce Misbahu tun a fitar gari, yana jin ihun mutane. Ana hango Kurfi sai fas! Babur ya yi ta rawa da shi har cikin gonar wani.

Da ya iso yana turawa, gwiwa a kurje, ya tarar da Misbahu kwance kan babur a inuwar, Malam Garba na gefe yana ɓare gyaɗa.

"Baffa," in ji Zubair, "gobe ɗanka ya kai ka Barkiya."

Tsohon ko ɗagowa bai yi ba.

"Me zan je yi? Shanun nan tun bara na sayar."