Ruwan Burtsatse a Motar Pop

Kun gani, kuka kau da kai. Shekara da shekaru kuna tsaye a ƙofar zauren ƙungiyar masu tsofaffin motoci, kofin shayi a hannu, motar kakana tana shigowa tana huci kamar tukunya a kan murhu. Sai ku ce, "Haka motocin Ingila suke, ba su son rani," ku koma kan biredi da soseji. Babu wanda ya taɓa tambayar abin da ke damunta.

Kakana Athol Kernich, wanda muke kira Pop, ya sayi motar nan mai kujera biyu marar rufi tun kafin a haifi mahaifiyata. Bana shekararsa tamanin da ɗaya, kuma likitan ido ya gaya masa lasin tuƙinsa ba zai wuce ƙarshen Janairu ba. Abu ɗaya ya rage masa a rai: ya tuƙa ta da hannunsa a jerin gwanon ƙungiya zuwa bakin kogi, ranar Lahadin ƙarshen watan, lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasar nan.

Ni kuwa na dawo daga birnin Adelaide ke nan da takardar kanikanci. Saura kwana takwas tafiyar, na buɗe gaban motar a ƙofar zauren, inji na aiki. Na kashe shi, na shafa lagireto. Sama zafi rau, tsakiya sanyi ƙalau. Ruwa ba ya ratsawa. Da ta huce na cire murfin, na ga robarsa ta tsage, bakin kuma ya yi fari fat kamar cikin tsohuwar buta.

"Pop, wane ruwa kake zuba mata?"

"Wanda tumaki ke sha, Tegan. Bai kashe su ba."

Ruwan burtsatsen gonarmu ne, mai gishiri da farar ƙasa, shekara talatin yana daskarewa a cikin bututun. Na duba inda ya kamata a sami ɗan makullin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi, na tarar babu.

"Ni na cire shi," in ji Clarrie Nitschke, abokin Pop tun suna firamare. "Yana cikin gwangwanin ƙusoshi. Abin da babu shi ba ya lalacewa, malama."

"In ta fara yoyo kuma fa?"

"Ƙwai ɗaya ɗanye a cikin lagireto. Biyu in rana ta yi tsanani. Ba a koya muku wannan a birni ba? To me kuka yi shekara huɗu kuna yi?"

Kowa ya fashe da dariya, har da Pop. Abin da motar ke bukata bai wuce aikin yini biyu ba: a fitar da lagireto a wanke, a sa sabon murfi, a mayar da makullin, a zuba ruwan sama da maganin tsatsa. Da na yi haƙuri na faɗi haka a hankali a gida, da Pop ya bar ni na yi aikin. Sai na ɗaga murya a gaban mutum ashirin.

"Ku ba masu son motoci ba ne, makasansu ne! Shekara talatin kuna dafa mata ƙwai, kuna kiran jahilci gwaninta!"

Pop ya sauke murfin gaban motar a hankali, ya goge shi da hannun riga.

"Ta kai kakarki asibiti ranar haihuwar uwarki, da ƙwai a cikinta," ya ce. "Ki bar min motata, 'yar nan."

Na tafi ina fushi. Kwana takwas ina da sufana, ina da mabuɗin rumfarsa, ban je ba. Jira nake ya kira ni ya ce na yi gaskiya.

Ranar Lahadi zafi ya kai digiri arba'in da biyu. Pop ya tuƙa, Clarrie na gefensa. A hawan da ke bayan rumbunan alkama allurar zafi ta haye ja. Suka kunna na'urar ɗumama ƙafa don ta janye zafin injin, kamar yadda suka saba, suka ci gaba har tururi ya rufe gilashi. Nan suka tsaya, Clarrie ya sauko da jarka, ya buɗe murfin da tsumma, ya kwarara ruwa mai sanyi a cikin injin da ke tafasa. Ya ce ƙarar ba ta fi ta fasa gyaɗa ba. Kan injin ne ya tsage. Motoci goma sha bakwai suka wuce su, kowa na ɗaga hannu, don an saba ganin Athol a bakin titi.

Sati shida na yi ina gyara. Yanzu ko a wannan hawan allurar ba ta barin tsakiya. Na kai Pop bakin kogin a watan Maris, ni a sitiyari, shi a kujerar Clarrie. Duk hanya ƙafarsa ta hagu tana taka kulocin da babu. Da muka tsaya ya daɗe yana sauraron injin.

"Ashe haka muryarta take," ya ce.

Laifina na sani, kuma ba zan iya mayar masa da ranar ba. Amma na leƙa motocinku a filin ajiya, tara daga ciki bakin lagiretonsu fari ne, masu su kuma duk sun haura saba'in. Asabar mai zuwa da ƙarfe tara zan kasance a zauren da tiyo da ganga biyu na ruwan sama. Ku kawo su a zubar da ruwan burtsatsen nan. Clarrie, kai ma, kuma ka taho da gwangwanin.