Rijiyar Gonar Malam Maiwada

Inna Uwaliya tana tankaɗe surukarta Wasila ta kawo mata labarin cewa ƙasa ta rufta da katangar wani sabon gida a Kudan bayan ruwan jiya. Wai tsohuwar rijiya ce a ƙarƙashi, ba wanda ya sani. Uwaliya ta ajiye rariyar, domin ta tuna su ma sun bar irinta.

A gonar raken marigayi mijinta Malam Maiwada, can bayan garin Makarfi, akwai rijiya mai zurfin gaske. Da ta ƙafe sai ya yi yadda manoma ke yi: ya jera itace a bakinta, ya zuba ƙasa, ya dasa bini-da-zugu a kewaye don kowa ya gani ya kauce. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka sayar da gonar, katafila ta share komai, aka yanka fulotai.

Ta samu Tukur, ɗanta na fari wanda ba ta kiran sunansa, yana goge babur ɗinsa na haya.

"Kai, da kuka sayar da gonar nan, kun gaya musu akwai rijiya?"

"Haba Inna, ai katafila ta bi ta kai ba ta nutse ba."

"Ta bi lokacin itacen na da ƙarfi. Gara fa? Damina nawa ke nan?"

Ya sosa ƙeya, ya ce zai bincika. Ta san binciken Tukur, sai ta ɗauki mayafi da taɓarya ta fita da kanta.

Kowa a garin cewa yake an samu ci gaba, gari ya faɗaɗa har ya kusa haɗiye ƙauyuka. To ga ci gaban Uwaliya na gani da idonta: kangaye ciyawa ta cika su, masu su suna Zariya da Kaduna, shaguna a jere duk a kulle, ba famfo ba kwata. Gonar da ke ciyar da masu saran rake da masu dafa mazarƙwaila yanzu ba ta ciyar da kowa sai masu gadi. Tsamiyar da take kwatance da ita an sare, rafin ma an cike shi. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana kawo abinci wurin nan ta tsaya tana waige-waige kamar baƙuwa.

Sai ta fara buga ƙasa da taɓarya tana kasa kunne, don ƙasa mai rami a ciki ba ta ɓoye muryarta. Ta buga a lungu, ta buga a kangaye. Wani mai gadi ya ce, "Baba, sakwara ake yi ne?" Ba ta kula shi ba. Kowane bugu yana ƙara kai ta inda ba ta so, wato wata 'yar makarantar kuɗi ta ƙananan yara mai aji biyu. A nan jikarta Rumaisa, 'yar Tukur, take karatu.

Ta yi sallama, malamar ajin su Rumaisa, wata budurwa mai suna Zubaida, ta gaishe ta da ladabi. Uwaliya ta yi mata bayani a gurguje.

"Inna, mai makarantar yana Kaduna, ni ba ni da ikon tayar da aji."

"'Yata, ba aji na ce ki tayar ba. Bari in buga kawai."

Yaran suna zaune a gaba suna rera karatu. Ta fara daga bayan ajin, ta buga gefen bango, ƙasa ta amsa da ƙarfi. Ta matsa tsakiya, ta ɗage wata tabarma da ba kowa a kai, ta ga simintin ya tsage a zagaye. Ta buga. Sautin ya dawo kamar an bugi ƙwarya a kife, sannan ta ji ɓurɓushin ƙasa yana zuba can ƙasa, ya daɗe bai kai ba. Simintin da take tsaye a kai ya ɗan lotsa.

Ƙofa tana bayanta, duk yaron da zai fita kai tsaye ta nan zai bi.

"Zubaida," ta ce a hankali, "fitar da su ɗaya-ɗaya, su bi jikin bango. Kada wanda ya yi gudu."

Malamar ta dubi fuskarta, ba ta ƙara musu ba. Yara suka fara bin bango. Sai a lokacin Rumaisa ta juyo ta gane kakarta, ta saki layi ta nufo ta da murna, hannu a buɗe.

Uwaliya ba ta taɓa ko hararar yarinyar nan ba. Ta ɗaga taɓaryar sama, ta daka mata tsawa. "Kika matso sai na fasa miki kai!"

Rumaisa ta ƙame, ta ja da baya, ta bi bango tana kuka tana kallon kakarta da tsoro har ta fita. Uwaliya ta jira sai da ajin ya zama ba kowa, sannan ta ce wa malamar a nemo dogon katako a shimfiɗa mata ta taka, don ita kam ba za ta iya ɗaga ƙafa ba, kada simintin ya rufta da ita.