Makullin da Na Yanka Sau Biyu

Shekara ashirin da shida ina yankan makulli a rumfa ɗaya, ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, kuma a duk tsawon nan ba wanda ya taɓa ce mini ina da ban dariya. Matata ce ta gano haka, ita da ke sayar da zannuwan gado ta waya. Wata rana ta kawo mini abinci ta same ni ina korar ƙuda, tun safe ko makulli ɗaya ban yanka ba. Ta ɗauki wani kwaɗo mai arha daga cikin waɗanda ake kawo mini gyara, ta ce in buɗe shi ba da makulli ba, ita kuma ta saita waya.

Na buɗe shi da bayan cokalin da ta kawo. Na ɗaga shi, fuskata a murtuke don haushin an hana ni cin abinci, na ce, "Wannan ba kwaɗo ba ne, ɗan kunne ne."

Ta watsa bidiyon a intanet, shi ke nan fa. Kafin sati mutane sun sa mini suna Baba Ba-Wasa. Duk kwaɗon banza da na samu sai in buɗe shi da abin da ya zo hannu, tsinken sakace, fil ɗin ɗaure gashi, murfin biro, in kalli waya kamar an yi mini mutuwa, in faɗi maganata. A ƙarshe matata ta nuna kwaɗunan kirki da nake sayarwa. Ciniki ya buɗe har na daina cin abinci a kan lokaci. Zan faɗi gaskiya, kaina ya kumbura. Mutumin da a da ko gaisuwa ba ya samu a layin, yau ana tsayar da mota a ɗauki hoto da shi.

Ranar Talata wata tsohuwa ta zo a yanka mata makulli na biyu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi ritaya, kunnenta ya yi nauyi, magana sai da ɗaga murya. Ta ce ita kaɗai take zaune a hawa na uku, 'ya'yanta duk suna nesa, shi ya sa take son na biyu ta ajiye a jaka. A jikin makullin akwai wani ɗan kwali a cikin leda, ta rubuta sunan layinsu da lambar gida da lambar ƙofa da manyan baƙaƙe.

"Mama, wannan fa?" na tambaye ta.

"Idan ya faɗi, mai tsoron Allah zai kawo mini, ɗana."

Ta bar shi ta shiga kasuwa sayen zare. Ni kuwa raina ya ce ga abin dariya ya kawo kansa. Na kira matata. Na danne rubutun da babban yatsana, na kai makullin dab da waya, na ce, "Jama'a, ga wata baiwar Allah ta rubuta adireshinta a jikin makulli, don kada ɓarawo ya sha wahalar tambaya." Matata ta yi dariya har wayar na rawa a hannunta. Kafin la'asar bidiyon ya wuce duk waɗanda muka taɓa yi.

Washegari da hantsi wani mutum ya tsaya a rumfata. Tsaf da shi, riga a goge, takalmi na ƙyalli, ga ladabi.

"Baba Ba-Wasa da kansa! Wallahi a gidanmu ba a cin abinci sai an kunna ka."

Ya ce makullin ofishinsa ya ɓace, sai dai yana da hotonsa a waya. Ya je wurin masu yanka uku, duk sun ce ba a yanka makulli daga hoto. "Na ce musu ku ne ba ku iya ba, akwai wanda zai iya."

Su ukun nan ba rashin iyawa ba ne ya hana su. A sana'armu ba a yi, kuma wanda ya koya mini aiki ya taɓa dukan hannuna da magagari a kan haka. Amma mutumin ya san inda zai sosa mini. Na karɓi wayar, na ƙura wa hoton ido. An yanke gefunan hoton, ƙarfen makullin kawai ake gani. Na ɗauko sabon ƙarfe, na ɗaure a inji, na fitar da haƙoran da ido, na bi su da magagari har suka yi santsi. Minti goma. Ya juya shi a hannu, ya yi godiya har da rusunawa, ya tafi.

Sai bayan azahar, ina share garin ƙarfe daga kan inji, hannuna ya tuna abin da kaina bai lura da shi ba. Mai zurfi, marar zurfi, masu zurfi biyu a jere, sannan ɗan ƙarami a baki. Na yanka wannan jerin jiya. Na tsaya da burushi a hannu, sai wani abu ya dawo mini: a gefen hoton da mutumin ya nuna mini, inda aka yanke, akwai ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake. Na dubi babban yatsana, na ga farcen da guduma ta daka wata biyu da suka wuce, har yau baƙi ne.

Na kira matata a waya. "Buɗe bidiyon jiya. Bi shi a hankali. Rubutun nan ya fito?"

"Ai ka rufe shi da yatsa, maigida."

"Na ce ki duba!"

Na ji muryata a wayarta tana maimaita barkwancin, ta tsaya, ta koma baya, ta sake tsayawa.

"Innalillahi," ta ce. "Wurin da ka juya shi... yatsan ya zame kaɗan. Idan aka tsayar ana karantawa. Duka ana karantawa."

Na ce ta goge shi yanzu-yanzu. Ta ce ta goge, amma mutane sun riga sun kwafa sun watsa, ba ta san iyakarsu ba. Na sa ta karanto mini adireshin sau biyu. Na zari sabon kwaɗon ƙofa irin nata sak, amma mai makulli daban, na cusa a jakar kayan aiki, na hau babur. Ni mai sayar da kwaɗo, ranar nan rumfata a buɗe na bar ta.

Awa uku da rabi ke nan da ba shi makullin. Abin da nake ta lissafawa a hanya ke nan, a kowace danja, a bayan kowace motar da ta ƙi matsawa. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, don ban san me yake so ba. In kaya ne, da sauƙi. Amma matar ba ta ji sosai, ba za ta san an shigo ba sai ta juya ta gan shi a tsakar ɗaki. Mutumin da ya iya zama ya tsayar da bidiyo, ya yanke hoto, ya zo wurina ni da kaina yana murmushi, ban san abin da zai yi wa tsohuwar da ta ga fuskarsa ba.

Benen shiru, lokacin da kowa yana wurin aiki. Matakala mai duhu, fitilar hawa na biyu ta mutu. Na sami ƙofar, koriya, da ɗan tabarmar goge ƙafa a gabanta. Na buga. Ba amsa. Na sake bugawa da ƙarfi ina kiran Mama, Mama. Na kara kunne a jikin katakon, ina jin ruwa na zuba a wani wuri a ciki, ba ya tsayawa. Na fara dukan ƙofar da tafin hannu biyu kamar mahaukaci.

Ruwan ya tsaya. Takun silifa, a hankali. Ƙofar ta buɗe, ga ta da kumfar sabulu har gwiwar hannu.

"A'a! Mai makulli? Lafiya kake neman ɓalle mini ƙofa?"

Ban faɗa mata gaskiya ba. Na ce makullin da na yanka mata jiya yana da matsala, zai iya lalata kwaɗon, na zo in canza mata gaba ɗaya, kyauta. Ta yi ta sa mini albarka. Har ta kawo mini kujera, tana cewa jikarta ta turo mata bidiyon, ta gane makullinta, ta yi dariya har da hawaye. "Na ce wa maƙwabciyata ni ce baiwar Allahn nan! Ka ga tsufa ya sa na yi suna."

Na durƙusa na fara aiki. Canza kwaɗo sai ƙofa a buɗe, kuma dole bayana ya kalli matakala. Aikin da nake yi ido rufe, ranar nan sukudireba ta ƙi zama a kan ƙusa. Ƙusa ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tabarma, na lalubo ta da hannu. Wani ya buɗe ƙofa a ƙasa, na daskare har na ji muryar mace tana kiran ɗiyarta. Ita kuwa Mama tana tsaye a kaina tana ba ni labarin asibitin da ta yi aiki shekara talatin, da yadda ba ta taɓa jin tsoron zama ita kaɗai ba.

Na ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Na ce bari in gwada daga ciki. Na tura ƙofar, na murɗa sabon makulli sau biyu, na zare shi. Sai a lokacin na ja numfashi. Ta ce ba zan tafi ba sai na sha ruwa, ta shiga kicin.

Ina tsaye da jakata a hannu na ji takun. Ba silifa ba, takalmi mai tauri, yana hawowa ba gaggawa. Ya wuce hawa na biyu. Ya zo ya tsaya a kan tabarmar, inuwarsa ta toshe ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Bai buga ba. Ya daɗe a tsaye, yana saurare, ni ma ina saurare, katako ɗaya a tsakaninmu.

Sai makulli ya shiga kwaɗon. Ya shiga sumul, ba gargada, ba ƙara. Na san aikina in na ji shi. Ya murɗa dama, kwaɗon ya ƙi. Ya zare, ya sake sawa a hankali, ya murɗa, ya ƙi. Hannun ƙofar ya sauka ƙasa a gabana, ya tsaya, ya koma sama.

Inuwar ta janye. Takun ya sauka kamar yadda ya hau, ba gaggawa.

Na juya, ashe Mama tana bayana da kofi a kan faranti. Ba ta ji komai ba, amma ta ga hannun ƙofar yana motsi. Ruwan yana ta zuba a farantin.

"Ɗana," ta ce, "waye wannan mai makullin gidana?"

Na karɓi kofin kada ya faɗi. Na ɗaga murya yadda za ta ji.

"Cikin waɗanda suka yi dariya jiya ne, Mama. Ni na yanka masa."