Gammon da Likita Ya Bayar

A hawa na uku ciwon ya sake kamo Doguwa. Daga ƙeya ya taso, ya bi bayan kunnenta na dama, ya zo ya tare a bayan ido. Kwanon kankaren da ke kanta ya karkata, ta dafa bango har jirin ya wuce.

Shekararta tara tana dakon kankare a wuraren gini. Maganin ciwon kai kuwa ta sha shi har ta gaji, domin a bakin ƙofar wurin aikin akwai mai tebur da ke sayar da wata jar ƙwaya, kowane lebura sai ya afa biyu kafin ya ɗau kwano. Ita yanzu huɗu take afawa. Masu aiki har tsokanarta suke, wai ita da mai tebur auren zobe suka yi.

* * *

Ƙanwarta ce ta ja ta asibiti da ƙyar. Likita ya danna wani wuri a ƙasan ƙeyarta, nan take ciwon ya harba mata har ido. Sai ya ɗauko ƙashin wuya na roba ya nuna mata. Ƙasusuwa bakwai ne a jere, in ji shi, uku na sama su ke tallafe da kai, kuma daga tsakaninsu jijiyoyi ke fitowa su haura ƙeya. Nauyi ya cinye mata waɗannan gaɓoɓin, suna matse jijiyar.

"Kanki ba shi da laifi, Baba, saƙo kawai yake karɓa," in ji shi. "Ƙwayar nan kuma toshe wa ɗan aiken baki take yi, ke kuma ki ƙara kaya."

Ya ce in ba ta daina ɗaukar kaya a ka ba, wata rana abin zai sauko hannuwa. Ya ba ta wani abin ɗaure wuya mai soso, fari tas, ya ce ta sa na mako biyu, ta huta.

Doguwa ba ta buƙatar a kwatanta mata saukowa hannuwa. Maigidanta ya yi dako shekara ashirin, yau ko kofi ba ya iya riƙewa, ita ke ba shi abinci a baki. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to ita gemun a ɗakinta ya ƙone tana kallo. Tsoro ya kama ta sosai.

Da maigidan ya gan ta da abin a wuya sai ya yi dariya, ya ce ta zama matar babban ma'aikaci. Daga baya ya tambaye ta a hankali wa zai fita nema gobe.

* * *

Kwana biyu ta huta, a na uku tukunya ta ƙi hawa wuta. Da safe ta shiga layin leburori a wurin gini. Foman yana bi yana zaɓa da ɗan yatsa, kuma kowa ya san ba ya ɗaukar mai alamar ciwo, ko ɗingishi ne. Da ya kusa isowa ta ɓalle abin daga wuyanta, ta tura cikin zane. Yatsan ya nuna ta.

Wajen injin kwaɓa ta laluba, ashe ta baro tsumman gammonta a gida. Mai shebur ya riga ya cika kwano, na bayanta suna cewa ta yi sauri. Ta zaro farin soson, ta naɗe shi, ta ɗora a tsakar ka. Ya zauna daram.

"Yaya, ina kika samo wannan gammo mai kyau haka?" wata ta tambaya daga baya.

"Likita ne ya ba ni."

Aka ɗora mata kwano. Ruwan siminti ya tsiyayo ta gefe, ya fara rina farin soson. Ta kama matakala, tana murza yatsunta biyu na dama da suka tashi a sandare tun safe.