Filin Datti Mai Faci

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini mana, ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake wannan da idona na gan ta.

"Inna Furera, ki aika a kira mini Liman da mai unguwa," in ji Datti. "Yanzu, tun ina da baki."

Ranar Alhamis ce, kwana uku da dawo da shi daga asibiti a Kano. Yana kwance ƙarƙashin rumfar tsakar gidansa, ƙafafun nan sun kumbura suntum. Na shigo masa da kunun tsamiya, ko ajiye kwanon ban yi ba.

"Me za ka yi da Liman?" na ce. "Ko aure za ka ƙara?"

Matarsa Badi'a ta yi dariya, ta karɓi kwanon ta shige madafa.

Datti maƙwabcina ne a nan Madadi, katanga ɗaya ta raba mu. Ni na yanke masa cibiya, shi ya sa nake faɗa masa abin da na ga dama. Faci yake yi a bakin titin Gwarzo, kuma shi ne kocin yaran unguwa. Ƙaramar gonarsa da ke bayan gidajenmu, shekara goma sha biyu bai jefa mata ko ƙwayar gero ba. Ya share ta, ya mai da ta filin ƙwallo. Mutane suka ce ya zare. Ni ce ma kan gaba wajen faɗa.

Abin da ya rufe mini baki jikana ne, Muhsin. Da ubansa ya rasu, yaron ya koma bin masu shan maganin tari a kango, ido jawur, in na yi magana ya yi mini tsaki. Datti ya je har kangon ya jawo shi da wuyan riga, ya tsayar da shi a raga. Dokarsa biyu ce: wanda bai je makaranta ba ba ya taɓa ƙwallo, wanda ya zagi uwar wani ya zaga fili sau biyar. Yaran gabas da na yamma, da a da sai da gora suke gaisawa, suka koma sa riga iri ɗaya. Ranar wasa kuwa har ni nan ina kai awara bakin fili, kuma ba ta kwana.

"Inna, wasiyya zan yi," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Filin nan nake so a bar wa yaran. Na tambaya, bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na mallaka ba, ya halatta. Shaidu kawai nake so."

"Subhanallahi! Tofar da yawun bakinka. Mu da muka haife ku muna zaune, kai ne da wasiyya?"

"Ni na san abin da nake ji a jikina."

"Ba ka san komai ba. Kai da za ka tashi ka ci gaba da cika mana kunne da usur."

To, ku da kuka san garinmu kun san haka ake yi. Ba a barin mara lafiya ya yi zancen mutuwa. In ka biye masa, kamar ka fid da rai da shi ke nan. Kuma da an ga Liman da mai unguwa sun shiga gidan tare, kafin magariba mata sun fara shigowa da carbi suna share hawaye. Na ga kamar gata nake yi masa.

"Gobe Juma'a," na ce. "In an sauko daga masallaci, in har kana nan a kan bakanka, zan sa a kira su."

Ya dube ni. "To, Inna."

Bayan la'asar sai ga yaran sun yi sallama, sun cika zaure, duk ƙafa buɗu buɗu. Muhsin ne kyaftin ɗinsu yanzu, shi ya shigo ya durƙusa.

"Koci, ya jiki? Mun ci 'yan Kabo biyu da ɗaya."

"Ɗayar fa, wa ya bar ta ta shiga?"

"Iska ce, Koci."

"Iskar gidanku. Ƙafa ka buɗe kamar ƙofar kasuwa, na sani."

Zaure ya ɗauki dariya, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya juyo da ido wurina. Na gane abin da yake nufi, ga masu gudu cike da zaure, minti biyar sun kawo Liman. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin zanina.

Da hantsin Juma'a, ina tankaɗen gari, na ji salatin Badi'a ta kan katanga.

Yaran ne suka haƙa kabarin, ba su bar kowa ya taɓa diga ba. An ce mini makara ba ta yi taku uku a kafaɗar mutum ɗaya ba. Daga Kara aka zo, daga Gwarzo aka zo, har 'yan Kabon da aka ci jiya suka ciko mota.

Datti bai haihu ba. Bayan sadakar arba'in wansa Jibirin ya zo daga Kabo aka zauna rabon gado a zauren Liman. Na yafa mayafi na tafi, na durƙusa daga bakin ƙofa, na faɗi duk abin da ya gaya mini.

"Wa ya ji bayan ke, Inna?" Liman ya tambaya.

"Ni kaɗai ce. Badi'a tana madafa."

"Ba wanda ya ce ƙarya kike yi. Amma bakin mutum ɗaya ba ya fitar da gona daga gado, sai in magada sun yarda."

Badi'a ta aiko cewa ta yafe nata kason. Sai dai nata kaɗan ne, sauran na Jibirin ne. Shi kuwa ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, da ya faɗa a gaban mutane, wallahi ko kallon wurin ba zan yi ba. Amma 'ya'ya tara gare ni, gonar haya nake nomawa. Ki ce in yi yaya?"

Liman ya rage murya ya ce, "Gidana da naku taku nawa ne, Inna? Me ya hana ki aiko?"

Na gyara mayafina, na tashi na kama hanyar gida.

Badi'a ta gama takaba ta koma gidansu a Kara. Jibirin ya sa garmar shanu a filin da ruwan farko, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Muhsin da wasu goma sha ɗaya suna takawa har filin makarantar Gwarzo sau biyu a mako, shi yake riƙe da su, da dokokin nan biyu. Ƙananan ba sa iya tafiyar, sun watse. Uku daga cikin manyan na gan su da idona suna shiga kango. Ni kuma na daina awara.

Masu huɗa sun cire turakun raga uku, na huɗun ya ƙi fita, suka bar shi. Bana wake ya nannaɗe shi har sama, ya yi fure.