Yadda Gemun Lucius Ya Zagaye Tebur

Ni Ozella Tibbs ba na gulma. Labari ne dai in ya zo hannuna ba ya son zama, sai in taimaka masa ya yi gaba. Wannan ma mai shi ne ya ce in faɗa, wai gara ya fito daga bakina da ya fito daga bakin wadda ba ta iya ba.

Tun mijina Otis yana da rai 'yan bayan ƙungiyar ƙwallon garinmu, irin ƙwallon Amurka da ake runguma a ruga da ita, suke cin abincin yamma a gidana duk ranar Alhamis. 'Yan baya kaɗai, masu tare hanya su ka da mutum. Masu jefa ƙwallo da masu gudu da ita suna da nasu wurin can cikin gari, inda ake jera wa mutum ganye uku a faranti a ce ya ci abinci. Nawa ƙarti ne. Soyayyar kaza, tarwaɗa, taliya da cuku, ganye da ƙafar talotalo, burodin masara mai zafi, ba sa barin ko na kare.

Rufus Gaithers ne ya fara kawo su, shi ne kuma yake zama a babbar kujerar da ke kan tebur. Mutum ne mai murya. In ya ce a miƙo gishiri, karen maƙwabta sai ya shige ƙarƙashin mota. Shi ke sa hula mai koren ɗigo. A cikin 'yan baya hular kwano ɗaya ce tak take da wannan ɗigo a ƙeya, ita ce mai rediyo a ciki. Koci ya yi magana daga bakin fili, mai hular ya ji, shi kuma ya gaya wa sauran inda kowa zai tsaya da wanda zai bi. To a filinmu, da 'yan baya sun shiga mutanen gari ke tashi da ihu don su rikita baƙi. Shi kuwa ihu bai san baƙo ba, bai san ɗan gida ba. Muryar Rufus kaɗai ke iya hawa kansa.

Sai gwiwoyin Rufus suka ce sun gaji. Ya tattara ya koma Mississippi kiwon shanu. Abokinsa Cornell shi ma wata ƙungiya ta ɗauke shi can yamma. Aka wayi gari babban da ya rage shi ne Lucius Pettway.

Lucius ya daɗe a ƙungiyar, amma a inuwar Rufus ya yi rayuwarsa. Babu abin da bai sani ba a wasan nan. Matsalarsa ɗaya, muryarsa kamar ta mai gaisuwa a asibiti. Shekara da shekaru yana zuwa gidana, ya zauna a tsakiyar tebur, ya ci, ya wanke mini tukwane, ya ce sai da safe Mama. Ina jin duk maganar da ya yi mini ba za ta cika kofin shayi ba.

Shi aka ba hular. Bawan Allah ya ɗauka wanda ya gaji hular Rufus dole ya gaji maƙogwaronsa. Ya dinga daka tsawa, kafin a je hutun rabin lokaci murya ta dushe. Sai ka ga yaranmu biyu sun bi mutum ɗaya, wani can yana tsaye shi kaɗai kamar mai jiran bas, a jefa masa ƙwallo ya wuce abinsa. Aka ci mu, aka sake cin mu.

Ranar Laraba na je gyaran gashi wurin Bernadine. Ita ke yi wa matar Koci Hollis gashi, kuma matar nan da an sa mata ruwan ɗumi a ka sai bakinta ya buɗe. Bernadine ta sunkuyo kunnena ta ce haƙurin Koci ya zo wuya. In aka sake rikicewa ranar Lahadi, za a karɓe hular a ba Tavion Crum, wani yaro mai gudu kamar barewa da baki kamar lasifika, wanda bara-baran nan ya zo. Kowa kuwa ya sani, mai shekarun Lucius in aka cire masa hular nan benci ne, daga benci sai gida.

Alhamis suka cika mini falo. Kujerar Rufus tana nan wayam, tunda ya tafi ba wanda ya yarda ya hau ta. Lucius ya shigo na ƙarshe, da 'yar kwalbar zuma da lemon tsami a hannu.

"Maigida, me ya sami muryar?" in ji ni. "Ko kishiyata ce ta shaƙe ka?"

Ya yi murmushi ya wuce banɗaki ya wanke fuska. Da ya fito na shiga in gyara, sai na ga farin tawul ɗina, na baƙi, wanda ko Otis ban bari ya taɓa ba, da wani baƙin shafe a tsakiya. Na leƙo na dubi Lucius. Makon jiya gemun nan akwai furfura a haɓa, na gani da idona. Yau baƙi wuluk kamar gindin tukunya.

Na ce a raina, Ozella, ki kama bakinki, yaron yana cikin damuwa. Na kama shi kuwa, har aka gama addu'a.

Addu'ar ma abin kallo ce. Babba ke yi, ba a taɓa abinci sai ya ce amin. Lucius ya yi tasa can ƙasa-ƙasa, rabin tebur sun fara ci, Sefo, wani ƙaton ɗan tsibirin Samowa da ke cin wurin mutum biyu a kusa da ƙofar kicin, yana nan ido rufe.

"Sefo, buɗe ido, an sauka tun ɗazu," in ji Tavion. "Tsoho da Ubangiji sirri suke yi."

Aka yi dariya, aka kunna kiɗa, gardama ta tashi a kan motar wa ta fi ta wa. Ba ka jin ko ƙarar cokali. Dokar gidana guda ce, ba a tsallaka hannu a kan abinci. Kwano daga hannu zuwa hannu yake tafiya, ta hagu, har ya zagayo.

Na fito da burodin masara na miƙa wa Sefo. Wallahi ban yi niyya ba, kunnensa ne ya zo daidai bakina.

"Kar ka gaya wa kowa," na ce. "Lucius ya rina gemu da baƙin gashin matarsa."

Na koma bakin ƙofa na harɗe hannu. Sefo ya ɗauki burodi biyu, ya miƙa kwano, ya karkata kai. Na kusa da shi ya zaro ido, ya ɗauka, ya miƙa, ya karkata kai. Haka kwano ke tafiya, kawuna na sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya kamar matan coci in sabuwar matar fasto ta shigo. Ya zagaye kujerar Rufus ya biyo ɗaya gefen. Na daman Lucius wani sabon yaro ne, Dewitt, wanda aka kawo kwanan nan, bai gama haɗa sunaye da fuskoki ba. Ya karɓi kwano, ya juya hagu yadda ya ga ana yi, ya sa baki a kunnen Lucius.

"Kar ka gaya wa kowa. Lucius ya rina gemu da baƙin gashin matarsa."

Sai da ya faɗa idonsa ya sauka a kan gemun.

Tebur ya fashe. Sefo har da buga ƙafa, Tavion ya faɗo daga kujera. Ni dai na shiga goge murhun da ba abin da ya same shi.

Lucius bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya riƙe kwanon yana kallonsa. Da hayaniya ta lafa ya dubi Dewitt.

"Wa ya gaya maka?"

"Yallaɓai, don Allah, ban san kai ne…"

"Ba faɗa ba ne. Wa ya gaya maka?"

Dewitt ya nuna na damansa, wancan ya nuna na gaba, yatsa ya yi ta komawa baya har ya tsaya a kan Sefo. Ƙaton banza, ko kunya babu, ya nuna ni da ƙashin kaza.

"Mama," in ji Lucius, "da ƙarfi kika faɗa?"

"Ni? Ɗan nan, ka taɓa jin na ɗaga murya? Ai maganar da aka yi ihunta ba mai ɗaukarta. Kowa ya ɗauka na kusa da shi ya ji."

"Me kika ce masa, kalma da kalma?"

Na maimaita. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ta iso. Ko ɗigo bai faɗi ba. Da kiɗan nan, da bakin Tavion." Ya ajiye kwanon. "Ku tashi. Kowa ya ɗauki farantinsa."

Ya shiga sauya musu wurin zama. Ƙartin da ke tsayawa a sahun gaba a gefe ɗaya, masu gudu na can baya a ɗaya gefen, kowa kusa da wanda yake tsayawa da shi a fili, shi yana tsakiya inda yake tun asali. Ya ce a ƙure kiɗa. Ya faɗi wata kalma ta wasansu a kunnen na dama, ya faɗa wa na hagu, ya ce duk wanda ta iso masa ya juya ya ba na gaba, sannan ya buga tebur. Gefen Sefo ta tafi sumul, bugu yana bin bugu. Ɗaya gefen ta zo kan Tavion ta mutu, don yana can yana ba wani labarin tayar motarsa.

Suka sake, ta sake mutuwa a wurin. Kazata tana hucewa, ina ta mita ba mai kula ni.

Lucius ya rage kiɗan, ya ja kujerar da ke hagunsa. "Tavion, dawo nan."

Yaron ya taso yana taku ɗai-ɗai. "Tsoho, ka dai san an ce ni za a ba hular nan ko?"

"Na sani. Abin da Mama Ozella ta sani, wa ya rage?"

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji ni. "Ni me na ce?"

"Wata rana taka ce," Lucius ya ce masa. "Amma in aka ba ka ranar Lahadi, me za ka gaya musu in baƙi suka sauya tsayuwa bayan an kashe rediyo, yadda ake yi dab da a taɓa ƙwallo?"

Tavion ya dafa bayan kujerar yana sosa ƙeya.

"To zauna. Ni ina da ido, kai kana da maƙogwaro. Zan gaya maka, kai ka kai wa na can baya, su ne nesa. Amma sai ka yi shiru ka ji tukuna. Za ka iya shiru na numfashi ɗaya?"

"Ba zai iya ba," in ji Sefo. "Ko barci yake yi surutu yake."

"Kai kuma ci kazarka, buhun shinkafa." Tavion ya zauna, ya matso da kunne. "Faɗi, Tsoho. Amma kar ka shafa mini baƙin nan a kumatu."

A nan ne Lucius ya yi dariya, har haƙoransa suka fito. Suka yi ta yi har tebur ya riƙa amsawa gaba ɗaya, sannan suka ci kaza da sanyinta, suka ce ba ta taɓa daɗi haka ba. Ƙarya suke.

Ranar Lahadi daga coci muka wuce fili ni da Bernadine, ko hular cocin ban cire ba. Da yaranmu suka shiga gari ya tashi da ihu yadda aka saba. Na sa ido a kan koren ɗigon nan. Lucius ya dafe kunnen hularsa ya saurara, ya taka ya dafa na dama, ya dafa Tavion. Sai na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana taɓa na kusa da shi, Tavion ya juya baya yana wage baki yana nuni da hannu. Na damƙi hannun Bernadine.

"Kin ga burodin masarata yana tafiya?"

"Wane burodi kuma? Ozella, rana ce ta taɓa ki?"

Ranar dai ba a bar kowa tsaye shi kaɗai yana jiran bas ba. Duk inda baƙo ya juya akwai mai jiransa. Ba mu ci wasan ba, kar in yi muku ƙarya. Masu cin ganye uku ne suka yar da ƙwallo dab da tashi, aka doke mu da ƙyar. Waɗannan kuma ba a teburina suke ci ba, ba ruwana.

Laraba Bernadine ta gaya mini, ta ce matar Koci ta ce Koci ya ce hula tana nan inda take. Don haka da Lucius ya shigo ranar Alhamis yana shirin ba ni albishir, na bar shi ya faɗa, na yi mamaki yadda ya kamata, har da dafe ƙirji.

"Kin riga kin ji," in ji shi.

"Ni? A ina?"

Ya girgiza kai. Gemun an rage shi ƙasa sosai, furfurar ta fara leƙowa a haɓa abinta. Yara suka yi ta tura shi ya hau kujerar Rufus, wai yanzu ta halatta gare shi. Ya ce a'a, daga can nesa take da kowa. Ya kama hannuna ya zaunar da ni a kai, ya koma tsakiya tsakanin Tavion da Dewitt.

Ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya taɓa na dama, ya taɓa na hagu, amin ta taho tana bin tebur ta gefe biyu, baki zuwa baki, har ta iso wurina. Sefo ya buɗe ido tare da kowa.