Kek Mai Laushin Ciki

Likita bai ɓoye wa uban Auta komai ba: in yarinyar ba ta soma cin abinci ba, gobe za ta koma gadon asibiti a ƙara mata ruwa. Zazzaɓin ya sake ta, amma bakinta bai dawo ba. Duk abin da aka kawo sai ta juya wa bango fuska. Abu ɗaya ta nema, kek ɗin cakulan mai markaɗaɗɗiyar gyaɗa da uwarta ke yi. Uwar kuwa tana wani gari tana jinyar tata uwar.

Uban mai walda ne, bai taɓa fasa ƙwai ba tun da aka haife shi. Wannan ba abin alfahari ba ne; namijin da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba, baƙo ne kawai. Ya kira matar. Ta ce ya narkar da bota da cakulan, ya sa sukari da ƙwai da fulawa kaɗan, ya ɗiɗɗiga gyaɗar a sama, ya ja ta da bakin wuƙa. Ana haka waya ta yanke, ta ƙi sake shiga.

Yayarsa ta ja kujera ta zauna bakin kicin.

"Malam, ƙarfe kake haɗawa ne? Juya a hankali, kwanon bai yi maka laifi ba."

"Yaya, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni."

Da ƙamshi ya cika gidan, ya zaro farantin daga tanderu. Saman ya tsattsage, gefe ya yi ƙarfi. Ya soka wuƙa a tsakiya, ta fito da danƙo a jikinta.

"Ɗanye ne," in ji Yaya. "Kek ɗin kirki, tas wuƙa ke fita. Za ka ƙara wa yarinya ciwon ciki."

A wurin aikinsa, in abu bai kama ba, wuta ake ƙara masa. Ya murɗa makunnin har ƙarshe, ya ɗauki farantin zai mayar.

"Baba, kar ka mayar!"

Auta ce, dafe da ƙofa, lulluɓe da bargo.

"Haka Mama ke fito da shi. In ka ƙara masa wuta bushewa zai yi. Barin sa ake yi ya huce."

Ya kashe wutar. Suka zauna suna gadin farantin kamar zai gudu. Da ya sha iska ya yanka, ya ga cikin ya tsaya da kansa, baƙi, mai laushi. Auta ta gutsura, ta tauna a hankali. Ta haɗiye, ta sake kai hannu, sannan ta ce a ba ta madara.

"To, ni ma miƙo min gefen nan," in ji Yaya, "in ji abin da ya fi ƙarfin likita."

Mai walda ya zame ya zauna a ƙasan kicin, fulawa har gemu, ya ce, "Alhamdu lillahi."